Baƙuwar Amsa a Ƙarƙashin Rumfa

Daga gida, ranar Talata

Zuwa ga Yayana, maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Gwaggo tana gaishe ka. Ƙafarta ta yi sauƙi, jiya har bakin titi ta taka da kanta, ta dawo tana mitar masu babur. Ta ce in gaya wa ɗanta ya riƙa cin abinci, wai a hoton da ka aiko wuyanka ya ƙara tsawo.

Yau sati uku da tafiyarka, amma ni har yanzu a ranar nan nake zaune, ranar da kake haɗa kaya. Ka tuna? Kana neman abin da za ka tokare madubin askinka a cikin akwati, ka ɗauki littafin da ke kan matashina, sai takarda ta faɗo daga ciki. Shekara uku ina saƙa ta a duk littafin da nake karantawa don kada shafi ya ɓace mini. Ka buɗe, ka ga sakamakon jarrabawata ta gama sakandare ce. Ka daɗe kana dubawa, sannan ka ce, "Lissafi kaɗai ya tare ki, shi ne kika mai da takardar alamar shafi?" Na ce to me zan yi da ita. Ka zauna a kan akwatin ka ce, "Da kin ci, me kike so ki zama?" Kunya ta hana ni faɗa, duk da tun ina rarrafe a tsakar gidan Gwaggo ka san ni. Sai ka miƙo mini biro, ka ce in rubuta a bayanta, ba za ka duba ba. Na rubuta, na ninke, na mayar. Yaya, littattafan soyayyar da na karanta sun fi ɗari. Na ga inda aka ba mace sarƙa, na ga inda aka ba ta mota, ban taɓa ganin inda aka miƙa mata biro ba. Tun daga ranar ɗakin nan ya canza mini.

Na shiga ajin yamma kamar yadda muka yi da kai. Mu goma sha tara ne, a wani ɗaki da ke saman shagon ɗinki. In malama tana bayani, kekunan ƙasa suna amsa mata. Saura wata biyar jarrabawa, kuma ta ja mana kunne: duk wanda ya yi fashin aji ya wuce sau shida, makarantar ba za ta yi masa rajista ba. Bencina yana jikin taga. A tsallaken titi akwai wata baranda da wata mata take shanya mayafai kullum da la'asar, tana yi tana kallon hanya. Na riga na ba ta miji matuƙin jirgin ruwa, da wasiƙar da ta ɓace a teku.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Mun shiga lissafin da ake sa x a ƙarƙashin wannan alamar, √. Malama ta ce sunanta tushe. Ni dai rumfa nake gani, x kuma ta fake a ciki tana jiran ruwa ya ɗauke. Na kira ka sau huɗu in tambaye ka, ba a samunka. Ranar da wayar ta shiga kuma na ce "x", ka ce "wa?", layi ya yanke. Gara takarda. Direban motarku ya ce duk sati biyu yana shigowa ɗaukar kaya, zai riƙa biyowa ta kan kwanarmu. Ga wanda ya gagare ni:

√(x + 3) = 4

Ta yaya ake fito da ita ba tare da an rushe rumfar a kanta ba?

Ka ba ni labarin wurin. Akwai taga? Me ake hange?

Taka har kullum,
ƙanwarka kuma matarka

*

Daga tashar ruwa, ranar Asabar

Zuwa ga Mai Littafi,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, sai 'yar mura ta kwana biyu, ita ma ta tafi. Ki gaishe mini da Inna, ki ce mata wuyan nan haka aka haife ni da shi, ta fi kowa sanin inda na gado shi.

Kin tambayi taga. Akwai, amma ba irin wadda ake sa wa a littafi ba ce. Mu huɗu ne a ɗaki, gado biyu sama biyu ƙasa, tagar kuma tana kallon tanki mai lamba uku. Aikina in zaga duk awa biyu in karanta agogunan matsin ruwa, in rubuta a kundi, in sa hannu. Injinan suna ƙara har sai ka ji ta a haƙoranka. Bayan katanga akwai madatsar ruwan, da safe fararen tsuntsaye suna sauka a gefenta. Wannan layin na tsuntsaye saboda ke na sa shi, ban sani ba ko na iya.

Sai batun rumfa. Tushen lamba shi ne lambar da in kin ninka ta da kanta za ta ba ki wadda ke ciki. Tushen 16 shi ne 4, domin huɗu sau huɗu sha shida ne. To in kina so rumfa ta tashi, ki ninka ɓangarenta da kansa. Sai dai duk abin da kika yi wa hagu dole ki yi wa dama, ban da son kai. Naki zai koma x + 3 = 16. Ki cire uku nan da can, x ta zama 13. Kin ga ta fito, ko jiƙewa ba ta yi ba. Sharaɗi ɗaya: kafin ki ninka, ki tabbata rumfar ita kaɗai ce a ɓangarenta. Duk wanda ya raɓe a gefenta ki tsallakar da shi tukuna.

Ga guda uku. Na ƙarshen yana da ɗan hali, ki bi shi a hankali.

√(x − 1) = 5
√(2x) + 1 = 7
√(x + 7) = x − 5

Kuma don Allah ki sauya benci. Matar barandar nan, in kin bincika, mijinta yana nan a shagon ɗinkin da ke ƙasanku, shi take leƙawa ko ya taho da cefane.

Har yanzu ban san abin da ke bayan takardar nan ba. Ba don ba na son sani ba ne.

Naki,
mai karanta agogo

*

Daga gida, ranar Lahadi

Yayana,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Gwaggo ta ce ta ji saƙonka, wuyan na dangin mahaifinka ne, kada ka sake ka laƙa mata. Layin tsuntsayen ka iya shi. Na karanta shi sau bakwai, har na ƙara musu hazo a saman ruwan da wani ƙaramin kwalekwale, ka yafe mini.

Na farko 26. Na biyu na tsallakar da ɗayan da ya raɓe kamar yadda ka ce, na samu 18. Na ukun kuwa, bari in ba ka labarinsa daga farko, domin ya cancanta.

A kicin na yi shi, da hantsi, takarda a kan murfin bokiti. Na ninka hagu, rumfa ta tashi, x + 7 ta fito fili. Na ninka dama, ta zama x² − 10x + 25. Na kwashe kowa na tara a ɓangare ɗaya: x² − 11x + 18 = 0. Sai na zauna ina neman lambobi biyu da in an ninka su za su ba da sha takwas, in an haɗa su sha ɗaya. Yaya, ban san lokacin da suka shigo ba. Kamar ka daɗe kana jiran baƙi a tasha, ka juya kawai ka gan su a bayanka da jakunkunansu. Tara da biyu! Tara ta shigo a natse, kamar babbar yaya mai tsadadden mayafi. Biyu tana biye da ita, 'yar ƙarama, mai kunya, tana riƙe da gefen zanenta. Na ce musu sannunku da zuwa, ashe da ƙarfi na faɗa.

Gwaggo ta leƙo ta ce, "Ke da wa kike magana?"

Na ce, "Da biyu, Gwaggo."

"Biyun wa?"

"Biyu dai, ta lissafi."

Ta dube ni, ta dubi tukunyar shayin da ta tafasa ta kashe wutar da kanta, ta ce, "Allah ya shirya. Ya tafi ya bar ni da mai hira da lamba. Da littattafan ma sun fi, su ko ba komai mutane ne a ciki."

Akwai abin da ban yarda da shi ba, kuma kai zan kai wa ƙara. Malama ta ce a irin wannan lissafin wani lokaci ɗaya daga cikin amsoshin baƙuwa ce, sai a gwada a cire ta. Ni ban ga dalili ba. Tare suka taho layi bayan layi, ban yi kuskure ko ɗaya a hanya ba, ta yaya zan kai bakin ƙofa in ce wa ɗaya ta koma? Ka san abin da ya fi ci mini rai a littattafai ke nan. Kullum akwai wani bawan Allah da yake nan tun shafin farko, bai yi wa kowa laifi ba, a shafin ƙarshe sai a bar shi tsaye yana ɗaga wa mota hannu. Shi ya sa nake rubuta musu nasu ƙarshen da fensir a cikin bango, har mai ba da hayar littattafai ya ce in na ƙara zai daina ba ni. To haka zan yi wa biyu. Na rubuta su duka: 9 da 2. Ka duba mini, ka gaya mini gaskiya, ni ko malama.

Ranar Alhamis za ta yi mana gwaji. Ban sauya benci ba. Kuma ba tela ba ne mijinta, na ƙi.

Taka,
Mai Littafi

*

Daga tashar ruwa, ranar Asabar

Mai Littafi,

Salam. Ina lafiya, ina fatan ku ma haka. A tsaye nake rubuta wannan, direba ya riga ya ta da mota.

Wani abokin aikinmu an mai da shi wata tashar, ɗakinsa na rukunin masu iyali ya faɗo kaina. Ɗaki ɗaya ne da ƙaramin kicin, tagarsa tana kallon madatsar, daidai inda tsuntsayen suke sauka. Dokarsu ita ce iyali su tare cikin sati shida kuma su zauna, ba a riƙe ɗaki da kulle. In ban sa hannu a fom ba kafin ƙarshen wata, na bayana zai karɓa. Magatakarda ya ce layi ba zai sake zagayowa kaina ba sai bayan shekara, ko fiye. Ƙanwata ta ce za ta dawo wurin Inna in kin taho. Ban ce musu komai ba tukuna.

Yana ta danna mini hon. Ki gaida Inna.

Naki

*

Daga gida, ranar Laraba

Yayana,

Assalamu alaikum. Muna nan lafiya, Gwaggo ma lafiya, sai ni da ɗan ciwon kai da ba ya rasa nasaba da yawan tunani.

Wasiƙarka ta same ni a ranar da malama ta raba takardun gwaji. Huɗu na ci cikin goma. Duk inda amsa biyu ta fito na rubuta su duka, ita kuma duk ta bi ta soke da jan biro. Wadda ke zaune kusa da ni, da kullum take leƙen takardata, ta ci bakwai. Na sauko daga benen nan kekunan ɗinki suna ta surutu kamar da ni suke.

Na dawo na tarar da ambulan ɗinka. Na karanta, na juya bayan takardar, na zazzage ambulan ɗin, har haske na ɗaga shi. Ba ka ce komai ba a kan tara da biyu. Ko kalma ɗaya. Na gane, Yaya, ba sai ka faɗa ba. Ka duba aikina ka ga kan nan ba na lissafi ba ne, kuma ba ka son ka karya mini zuciya, sai ka aiko mini da taga a madadinsa. Ka kyauta. A littattafai ma haka masu kirki suke yi, ba sa cewa "ba za ki iya ba", sai su canza zance a hankali.

Kuma wace irin taga! Tun ranar nake zaune a ɗakin nan da ban taɓa gani ba. Na sa gado ta yadda in na buɗe ido ruwan zan fara gani. Littattafaina suna kan wani katako a saman ƙofa. Kana dawowa daga zagayen agogunanka da ƙarar inji a kunnenka, in zuba maka shayi, in yi shiru har ƙarar ta fita. Na sayi yadin labule, ruwan ƙasa mai ɗigon fari, na kai shagon da ke ƙasan ajinmu. Telan ya ce, "Ba za ki hau sama ba yau? An fara." Na ce ina sauri. Af, ka yi gaskiya, shi ne mijin matar barandar. Da bakinsa ya ce mini bari ya rufe da wuri, ana jiran cefane. Jirgin ruwana ya nutse a nan take.

Fashina biyu yanzu. Ka sa hannu a fom ɗin. Wata biyar na wahala don a sake ce mini lissafi ya tare ni, ga shekara guda kuma ba tare da kai ba, me na ci?

Taka

*

Daga gida, ranar Litinin

Yaya,

Lafiya kuwa? Sati uku ke nan ba direba, ba wasiƙa, waya kuma ba ta shiga. Wancan saƙon na ba wani mai motar kaya da ya ce hanyarku zai bi, wannan ma shi zan ba, ban sani ba ko suna isa. Gwaggo ta ce ruwan sama ne, ni kuwa na riga na kai ka asibiti sau biyu a cikin kaina, na sallamo ka, na sake mai da kai.

Labule ya fito, yana ninke a kan akwati. Fashina biyar, sannan aka tafi hutu, sai Litinin mai zuwa za a koma aji. Abin haushin shi ne hannuna ya ƙi dainawa. Jiya ina jiran ruwa ya tafasa na tsinci kaina ina zana rumfa a bayan kwalin ashana.

Ka sa hannun? Ka yi magana, ko layi ɗaya ne.

Taka

*

Daga tashar ruwa, ranar Juma'a

Zuwa ga Mai Littafi,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, ko asibiti ɗaya ban je ba balle biyu. Inna ta canka: ruwa ne ya cinye gefen gada, mota ba ta wucewa, turken waya ma ya faɗi. Jiya aka buɗe hanya, wasiƙunki biyu suka iso tare. Na karanta su a jere, na rasa inda zan sa kaina.

Laifina ne. Takarda biyu na rubuta miki ranar nan. Ta lissafin ita na fara, na zauna na yi ta a natse. Ta ɗakin kuma a tsaye. Da direba ya matsa mini, na cusa ɗaya a ambulan na ruga. Ɗayar na same ta bayan kwana huɗu a ƙarƙashin kundin aiki, da zoben kofin shayi a kanta. Ga ta nan na haɗo. Ki dubi kwanan watan da ke samanta, don kada ki ce yanzu na ƙaga ta don lallashi.

Abin da ke cikinta ke nan, in shayin ya ɓata wani wuri. Aikinki daga layin farko har na ƙarshe babu kuskure. Mutanen ɗakinmu biyu na ba su shi, ɗaya ya tsaya a layi na biyu, ɗaya ya ce kansa na ciwo. Mataki ɗaya kika bari: in amsa ta fito, ki ɗauke ta ki koma da ita wurin tambayar farko, wadda ba a taɓa ba, ki ga ko ta zauna. Ki sa 9: cikin rumfa 16, tushensa 4. Dama kuma tara a cire biyar, 4. Ta zauna. Ki sa 2: cikin rumfa 9, tushensa 3. Dama kuma biyu a cire biyar, −3, wato uku a ƙasa da sifili. Uku da −3 ba ɗaya ba ne. Ninkin da kika yi ne ya rufe bambancin, domin kowannensu in an ninka shi da kansa tara yake bayarwa. Ta wannan ƙofar ta shigo.

Na san ba wannan ne damuwarki ba. Damuwarki ina za ta je. To na nemo miki. Ki juya ɓangaren dama, ki rubuta √(x + 7) = 5 − x, ki sa 2 ki gani. Uku nan, uku can. Kin ga tana da gidanta. Ba marainiya ba ce, amsar wata tambaya ce daban, ta biyo ayarin da ba nata ba. In kin soke ta ba korarta kika yi ba, hanya kika nuna mata.

Sai batun fom. Ba zan ɓoye miki ba, na kai biro kansa. Ina son ki zo, fiye da yadda na iya rubutawa. Na shiga ɗakin sau uku ba dalili, na tsaya a tagar. Amma kin ce in sa hannu ne saboda shirun da ban yi ba, da huɗu cikin goma da tausayi ya jawo miki, ba rashin kai ba. Ba zan karɓi ɗaki a kan wannan ba. Na roƙi magatakarda, saboda gadar ya ƙara mini har ranar da direba zai dawo. Abin da kika rubuto shi zan yi, kuma ko wanne ne ba za ki ji ƙorafi daga bakina ba.

Abu ɗaya ne ba zan iya yi miki ba. Ban san tambayarki ta farko ba. Tana bayan takardar da na yi alkawarin ba zan duba ba.

Naki,
mai mantuwa

*

Daga gida, ranar Litinin

Yayana, maigidana,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi da jin lafiyarka. Mu ma lafiya. Gwaggo ta ce mantuwar ma ta dangin mahaifinka ce.

Takardarka mai zoben shayi ta iso jiya Lahadi da hantsi. Ban fara da karatun ba, kwanan watan na fara dubawa, ka yafe mini. Sannan na zauna a bakin gado na sa biyu a gidan da ka nemo mata. Uku nan, uku can. Yaya, sai da na yi hawaye. Shekara nawa ina rubuta wa mutane ƙarshe a bangon littafi, ban taɓa tunanin wanda aka bari a tasha wata motar yake jira ba.

Na ɗauko takardar gwajin nan da na cusa a ƙasan akwati, na bi guda shidan da aka soke ɗaya bayan ɗaya, ina mai da kowace amsa wurin tambayarta. Kafin azahar na gama. A littafin aji ma na ci karo da wani, √(3x − 2) = x, ya ba ni 1 da 2, na gwada, duka biyun suka zauna. Har da biyu! Na yi ta murna, na ce ashe akwai inda ba a barin kowa a waje, wataƙila namu ma haka ne, ɗaki da jarrabawa duka. Na ɗauki kalanda na juya ta ta kowace fuska. Tafiyar kwana biyu ce tsakaninmu, aji sau uku a sati, ɗaki kuma ba a riƙe shi da kulle. Namu ba irin wannan ba ne, bana dai.

Sai na buɗe littafin da ke kan matashina na ciro takardar. Tun ranar da ka miƙo mini biro ban sake juya bayanta ba. Tunda ka cika alkawari, ga abin da ke ciki: "Ina so in tsaya a gaban allo, yara su buɗe littafi saboda ni."

Na ɗauki ɗakin, da tagarsa da tsuntsayensa da shayin da zan zuba maka, na sa shi a cikin wannan layin. Na daɗe ina lallaɓa shi ko zai zauna. Yana da kyau, Yaya, komai nasa daidai ne, kuma ina son sa har cikin raina. Amma ba wannan tambayar ya zo amsawa ba. Tasa tana nan gaba, ba zan rubuta masa ƙarshe da fensir ba, zai jira mu.

Gwaggo ta shigo ta same ni da takardu baje a gado. Ta ce, "To, tafiya ko zama? In san yawan cefanen da zan sa a yi." Na gaya mata. Ta ce, "Shekara ɗaya ce. Ni na yi huɗu ina jiran ubansa, ko lambar da zan yi hira da ita ba ni da ita. Tashi ki nemi mayafinki."

Yau na hau benen. Malama ta buɗe rajista ta ce, "Biyar. Kin san saura nawa?" Na ce na sani. Ta karɓi gyaran da na yi, ta bi shi da jan bironta har ƙasa ba ta sami inda za ta sauke shi ba. Na koma bencin gaba, inda ba a ganin baranda.

Labulen yana hannun direba. Ka rataya shi a tagar da ke kallon tanki mai lamba uku, in ya yi tsawo ka ninke ƙasan. Ka aiko da wasu guda uku, kuma ka ƙirga takardun kafin ka liƙe ambulan.

Kada ka sa hannu a fom ɗin. Zan zauna in rubuta jarrabawar.

Taka har kullum,
ƙanwarka kuma matarka